Mutumin da Ba Ya Barin Murfi a Sake

"To ai ban taɓa ta ba," in ji Verner. "Ita ta ƙara haske da kanta."

"Tocila ba ta murɗa kanta, Verner. Ina bayanka, na ga hannunka."

Gunvor ce mai maganar, shugabar masu ƙidayar jemagu. Ƙasa-ƙasa take yi, don suna cikin tsohon ramin haƙar farar ƙasa ne, inda jemagu ke baccin hunturu. Duk watan Janairu su shida suke shiga su ƙirga su, kuma doka ɗaya ce: haske kaɗan. Jemagen da ya farka cikin sanyi yakan ƙone kitsen da ya tara, kafin ƙwari su fito yunwa ta gama da shi. Hantsi bai gama dubawa ba Verner ya riga ya tashi jemagu biyu. Gunvor ta gaya masa in ya tashi na uku, ya koma bakin rami ya yi gadin kofi, baɗi kuma kada ya wahalar da kansa.

Shekara talatin da huɗu Verner Thuesen ya yi a masana'antar kokwamba mai tsami da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Aikinsa a ƙarshen layi yake: inji ya rufe kwalba, shi kuma ya ƙara wa murfin 'yar murɗa. Da ya yi ritaya shi ya ji labari, hannun damansa bai ji ba. Matarsa Bodil ta daɗe da daina sayen man goge baki mai murfi. Famfon kicin sau uku ana canza shi. Ran da aka yi wa jikarsu baftisma, da aka miƙo jaririyar kanta ba hula, Bodil ta zauna a kan hannun nan har aka tashi daga coci.

Jemagu kuwa bayan ritaya ya haɗu da su. Yakan ce duk duniya su kaɗai ya gani suna rataye sakwa-sakwa, ba ƙusa ba gam, kuma ba sa faɗuwa. Akwai wata ƙosasshiya a rami na uku, kullum a tsaga ɗaya, da yake kira Uwargida. Tun Oktoba yake zancen zuwa gaishe ta.

Matsalar tocilar da ƙungiya ta saya ce. Ba ta da makunni, kanta ake murɗawa. Ejvind, tsohon mai gyaran lantarki, ya yi masa bayani ya fi a ƙirga. In ka ɗaure kan tam, wani zoben ƙarfe a ciki ya taɓa ɗan'uwansa, sai ta saki duk hasken da take da shi. In ka sassauta kaɗan zoben ya rabu, ta koma dishi-dishi, irin wanda jemage ba ya damuwa da shi. In ka sassauta ka ɗaure da sauri sau biyu, sai ta hau ƙyafce-ƙyafce kamar motar 'yan sanda. Verner ya gane sarai. Hannun ne bai yarda a bar abu a sake ba. Jemage na farko haske mai ƙarfi ne ya tashe shi. Na biyun, Verner ya yi maza ya sassauta, hannun ya yi maza ya ɗaure, ya sassauta, ya ɗaure, ramin ya koma gidan rawa.

Ejvind ya naɗe kan tocilar da tef. Ba a yi taku ashirin ba hannun ya murɗa ta har da tef ɗin.

"Tsoho, ka bar hannun nan a mota mana," in ji Ejvind. "Ko in ara maka zarto?"

"Ya fi ka aiki, malalaci. Kwalba ko ɗaya ba ta taɓa dawo mini ba."

A bakin rami na uku suka tsaya shan kofi. Verner yana ta kallon duhun da Uwargida take ciki. Gunvor kuwa shi take kallo. Ta lura tunda ya riƙe filas, hannun ya shagala da murfinsa, tocila na gefe tana ba da ɗan haskenta lafiya lau. Sai ta buɗe jaka ta fito da kwalbar kifi mai tsami, wadda ita ce mahaɗin burodin su shida na rana. Ta cusa masa ita a hammatar hagu, ta sassauta kan tocila da kanta ta sa masa a hannun hagu, wanda bai taɓa koyon wata sana'a ba. Ta kama na daman ta ɗora a kan murfin.

"Ga naka. Yi ta yi."

Haka ya shiga, a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. Hannun na ta aikinsa, murfi na ɗan kuka, haske bai motsa ba. Jemage ɗari huɗu da sha biyu suka ƙirga, babu wanda ya ko gyara fiffike. Uwargida na nan a tsagarta, raɓa ta lulluɓe gashinta. Verner ya daɗe tsaye a gabanta, ya gaishe ta a zuci, ya wuce.

Da lokacin cin abinci ya yi kowa ya yanka baƙin burodinsa, aka karɓi kwalba. Gunvor ta gwada. Ejvind ya gwada da safar hannu, ya gwada da filaya, ya buga gindinta a gwiwa. Mutum biyu suka riƙe, na uku ya murɗa. Kifin na ciki yana kallonsu. Daga ƙarshe aka miƙa wa Verner, aka ce tunda shi ya ɗaure, ya kwance.

Verner ya dubi kwalbar da girmamawa.

"Ni ban taɓa buɗe kwalba ba. Wannan ba sashenmu ba ne."

Burodi da man shanu suka ci. Ejvind ya ce a kai ta gidan tarihi, jikokin jikoki sa gani. Gunvor ta gama taunawa, ta ciro takardar masu zuwa baɗi, ta rubuta sunan Verner, a gabansa ta ƙara: ya zo da tasa kwalbar, wadda ba komai a ciki.

Verner ya kakkaɓe ɓurɓushi daga rigarsa, ya miƙa wa Gunvor tocila ta sassauta masa. Ya gyara wa kwalba zama a hammata, ya nufi rami na huɗu.