Takardar da Inna ta ɓoye a kwalla

Shekarun baya can, mijina ya tafi su, wato kamun kifi, ƙasan kogi da kaka, ya ce sai ƙaramar salla. Salla ta zo ta wuce, ba shi ba labarinsa. Aka bi masunta, aka yi cigiya a rediyo, shiru.

Da shekara ta zagayo, mahaifiyata ta ja ni kotu a Gwandu, ina tirjewa ina kuka. Aka rubuta, na dangwala yatsa. Ni a zatona cigiya ce kawai, amma kai maganarsa kotu ya ƙona mini rai. Muna fitowa na ce mata, "Inna, fatan mutuwa kike yi masa ke nan?" Wata biyu ina gaishe ta a daƙile, ni ga mai miji.

Haka na zauna shekara shida, ba ni cikin matan aure, ba ni cikin zawarawa. Na koma Kalgo wurin yayata ina soya kifi. Nan wani malamin firamare da matarsa ta rasu ya maƙale wa kifina, har ya fito fili ya ce aure yake so. Wallahi ni ma ina so.

Na nufi kotun Kalgo da ƙwarin gwiwata, tunda na ji shekara huɗu matar da mijinta ya ɓace take jira, ni kuwa har da rara. Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, daga ranar da aka kawo ƙara ake fara lissafi. Yau kika kawo."

Wayyo! Wasu huɗun kuma? Ban san yadda na isa Gwandu wurin Inna ba.

Inna ta bari na gama kukana tas, sannan ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi kika ɗauka mun je yi kotu waccan shekara? Yawo?" Ta sauke kwallarta ta ƙasa, ta zaro takarda a naɗe cikin leda. Ga yatsana raɗau, ga kwanan wata.

Kotun Gwandu ta lalubo fayil, ta saurari shaidu, ta yanke hukuncin rasuwar mijina. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, na yi masa kukan da na daɗe ina riƙewa. Bayan nan aka ɗaura aurena da malam.

Yau 'ya'yanmu uku da malam. Har gobe ina yi wa na farkon addu'a. Amma duk na tuna fushin nan na wata biyu, kunya nake ji. Inna ko alif ba ta sani ba, ita ce kuma ta ƙwato mini shekara huɗu na rayuwata.