Kaset ɗin da ya maƙale a motata

In dai ina numfashi, ba zan manta da kaset ɗin da ya maƙale a rediyon motata ba, da ranar da tashar Gumel gaba ɗayanta ta yi tsit saboda shi.

A shekarun casa'in ne, ina direban haya tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokaci in leƙa Gagarawa ko Sule Tankarkar in fasinja sun samu. Ba wayar hannu a lokacin, balle waɗannan shafuka da yara ke wuni a kai. Akwai wani matashi a Gumel mai saka kiɗa a wajen biki, irin waɗanda yanzu ake ce wa DJ. Mu dai mai kaset muke ce masa. Mutumin nan yana da kai. Da ya ga ba zai iya bin gari gari yana tallar kansa ba, sai ya fito da dabara. Duk ranar kasuwar Maigatari zai kafa tebur da rikoda da makirufo, mai son gaida wani ya zo ya yi magana. In ya koma gida sai ya haɗa gaisuwar da kiɗa, ya sa muryarsa a tsakani yana faɗin inda za a same shi in biki ya tashi, ya kwafa, ya raba mana mu direbobi. Mako na zagayowa ya karɓi tsohon ya ba mu sabo, na wancan makon kuma ya ɗora wata gaisuwar a kansa. Aikin yini ɗaya yake yi, amma garuruwa huɗu sun ji shi, kuma kaset kaɗan ne ke zagayawa.

To ni nawa sai ya ƙi fitowa. Na danna, na bubbuga, na zura sukudireba, ko gezau. Mai gyara ya ce sai an kwance rediyon, kuma da wuya zaren kaset ɗin bai tsinke ba. Na ce a bar shi, ba zan ajiye mota saboda wani kaset ba. Ga hanya in ba sauti gyangyaɗi take sa ni, don haka na ci gaba da kunna shi a haka, wata da watanni.

Wallahi na ci baƙar wuya! Duk gaisuwar da ke ciki na haddace ta. Amma wadda ta fi ƙona mini rai ta wani mutum ce mai kauri a murya, Hausarsa irin ta mutanen wajen Jos. Cewa yake: "Ina gaida maman yara a Gumel. A ce mata ina nan tafe, don Allah kada ta cika barkono a miya." Sai ya yi wata 'yar dariya. Fasinjojina suka haddace. Da an zo wajen sai mota ta ɗauka baki ɗaya, har da tsofaffi. 'Yan kamasho suka laƙaba mini suna mai barkono. Ni kuwa ba ni da haƙuri, na sha cin kwalar mutum a kan sunan nan. Shi ma mai kaset duk inda ya gan ni sai ya ce, "Oga direba, har yanzu kana tsare da kayana?" In ce masa ya zo ya cire abinsa in yana da ƙarfi.

Wata rana da hantsi ina lodi sai ga shi ya nufo ni, ba wasa a fuskarsa. A bayansa wata mata ce da baƙaƙen kaya, tana riƙe da hannun wata 'yar ƙaramar yarinya. Na gane ta, malamar firamare ce, Kirista, ta daɗe a Gumel. Ya ja ni gefe.

"Oga, kaset ɗin nan yana nan?"

"Ina za shi? Ai aure muka yi da shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mai maganar barkonon nan mijinta ne, malamin dabbobi na kasuwar Maigatari. Ya rasu bayan damina, ciwon 'yan kwanaki. Ya taɓa gaya mata ya gaishe ta a kaset, amma ba ta taɓa ji ba. Yanzu za ta koma garinsu da yara, ta zo wurina neman muryarsa. Na duba kaf, duk na goge. Naka kaɗai ya rage."

Ashe mutumin da muke kwaikwayo kullum yana cikin ƙasa. Matar ta matso ta gaishe ni, ta ce, "Malam direba, ko hotonsa ɗaya ne kawai gare mu. Wannan 'yar ba za ta tuna yadda babanta yake magana ba."

Matsalar ita ce kaset ɗin ya tsufa, har ya fara jan murya a wasu wurare. In aka ce za a ciro shi ya tsinke, shi ke nan. Mai kaset ya ce hanya ɗaya ce: in kunna, shi kuma ya kara makirufo a bakin lasifikar mota ya ɗauka a rikodarsa. To amma a tasha? Ga hon, ga masu babur, ga 'yan kamasho suna ta ihun "Maigatari, saura mutum ɗaya!" Na ce mu fita bayan gari. Shugaban tasha da ya ji abin da ake ciki ya ce ba inda za mu, kada gargadar hanya ta ƙarasa zaren. Ya hau bayan wata mota ya ɗaga murya ya yi bayani. Ban taɓa ganin irin haka ba. Direbobi suka kashe injuna, mai shayi ya daina kaɗa cokali, mai rake ya ajiye wuƙarsa.

Na kunna, ina ta addu'a a zuci. Kiɗa ya wuce, gaisuwar wani mai tireda ta wuce. Sai muryar ta fito: "Ina gaida maman yara a Gumel." Na ga bakin wani tsohon ɗan kamasho yana motsi don sabo, ya yi maza ya toshe da hannu. Da aka zo wajen barkonon da 'yar dariyar nan, sai matar ta tuntsire da dariya ita ma, ta ce, "Ku ji shi fa! Kullum sai ya faɗi haka, kuma kullum sai ya nemi ƙari." Daga nan dariyar ta koma kuka. Ta durƙusa ta rungume yarinyar tana cewa, "Babanki ne, kin ji? Babanki ne." Ni da ake tsoron bakina a tasha, na kifa kaina a sitiyari na yi ta hawaye.

Mai kaset ya mayar baya ya saurara, muryar ta ɗauku tsaf. Ya ciro kaset ɗin daga rikoda ya miƙa mata da hannu biyu. Tun daga ranar bai ƙara goge gaisuwar mako gaba ɗaya ba, sai ya ware kwafi ɗaya ya ajiye a kwali. Ni kuma har na bar tuƙi ban ƙara faɗa da kowa a kan suna mai barkono ba.

Abin da na koya shi ne, maganar da ta ishe ka, wani ita kaɗai ta rage masa a duniya. Shi ya sa yanzu in na ga jikokina suna share saƙonnin murya wai waya ta cika, nakan ce su dakata, su duba tukuna ko akwai muryar wanda ba za su so su manta ba.