Zurfin Kwari a Ƙwaƙwalwar Bappa

A shekarun da sojoji ke tare motoci a kowace kwana suna buɗe but, ina aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Gombe, ina kuma haɗa binciken digirina na biyu. Ƙwaƙwalwar mutum ba sumul take ba, tudu da kwari ce kamar gonar da aka yi wa huɗa. Aikina in buɗe hoto a kwamfuta, in sa ɗigo a bakin kwari, in sa wani a ƙasansa, in rubuta zurfin. Idan ƙwaƙwalwa ta fara ƙanƙancewa, bakin kwarin yakan buɗe, zurfinsa ya ragu. Da lamba kawai hotunan ke zuwa mini, ban san masu su ba.

Bappa, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni a unguwar Shamaki tun ina 'yar shekara shida. Dillalin shanu ne. Ɗansa na fari, wanda muke kira Hamma, yana aikin lodi a tasha. Ranar da bam ya tashi a can da hantsi, bai dawo ba. Bappa da kansa ya je ya gane gawar, shi ya yi mata sallah.

Ba a yi wata uku ba, wata la'asar ya ɗago kai daga tabarma ya ce wa matarsa, Inna, "Yaron nan bai dawo daga tasha ba?" Bai taɓa kiran sunansa ba, saboda kara.

Inna ta gaya masa gaskiya. Ya yi kuka kamar yanzu aka kawo labarin. Washegari ya sake tambaya, ta sake faɗa, ya sake kukan. Haka muka yi sati biyu.

"Firgita ce ta taɓa shi," in ji Inna. "Ke da kike leƙa kan mutane, ki leƙa nasa mana."

Na kai shi asibitinmu. Da injin ɗaukar hoton ya fara bugawa, ya zabura yana salati, ya ɗauka harbi ake. Sai da na shiga na riƙe ƙafarsa har aka gama.

Likita ya duba ya ce ba sai na auna ba, abin a fili yake. Na auna duk da haka, sau uku, ko zan kama kaina da kuskure. Bakin kowane kwari ya wage, wasu sun zama kamar na ɗan shekara casa'in, alhali Bappa bai cika saba'in ba.

"Wannan ba aikin wata uku ba ne," likita ya ce. "Ya yi shekaru yana cinsa. Ba ku lura da komai ba?"

A gida na gaya wa Inna ba bam ba ne, kuma babu maganin da zai mayar da abin da ya tafi. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Yayanki Hamma ya sani," ta ce. "Ran kasuwa yakan bar tasha ya raka Bappanki. Idan mutum ya doso, sai ya raɗa masa sunansa. Ya roƙe ni kada in gaya miki sai kin gama karatu."

Ina gida ɗaya da Bappa, kullum ina auna ƙwaƙwalwar baƙi, ban gani ba.

Da la'asar ya sake tambaya. Inna ta buɗe baki, na riga ta.

"Yana hanya, Bappa. An rufe titi ne."

Ya yi tsaki. "To a ajiye masa tuwonsa."

Muka ajiye. Shekara biyu muna ajiyewa, da safe Inna ta ɗumama ta ci tana hawaye. Daga baya ya daina tambaya, ya daina gane Inna, ni kuma yana gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Ya rasu da damina, ran wata Talata, bayan azahar.