Gwaggo Baiwa Ba Ta Ci Ita Kaɗai

Gwaggo Baiwa ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Gulma tun ina ƙarami. Sana'arta turara shinkafa. Tun da na yi wayo nake ganinta cikin hayaƙi gaban tukunya, ita da matan unguwa da suke aiki tare, irin su Nana da Riskuwa da Asiya, sau da yawa rana ta take ba su sa komai a ciki ba sai goro. Da gumin nan ta yi mini karatu har Jami'ar Sakkwato.

Duk Gulma an san ta da hali ɗaya: ba ta cin abu ita kaɗai. Ko ƙuli-ƙuli guda aka ba ta, sai ta ɓantara wa na kusa.

Ciwon cikinta ya girme ni. In ya taso sai ta jiƙa kanwa ta sha, ta yi gyatsa, ta koma bakin murhu. Daminar bana da na gama jami'a, ta 1987, na tarar da ita ta rame, kanwar ma ta daina yi mata aiki. Na kai ta asibiti Argungu. Likita ya ce gyambon ciki ne. Ya rubuta wasu ƙwayoyi, ya ja mini kunne cewa ta sha kullum ba fashi har su ƙare, in ba haka ba gyambon zai iya fashewa. Sai a Birnin Kebbi na samo su, bayan na sha yawon kemis. Na damƙa mata kwalbar, na tafi Sakkwato karɓo sakamakona hankali kwance.

Da na dawo na same ta durƙushe bayan tukunya, ta dafe ciki. Kwalbar babu komai.

"Gwaggo, ina maganin?"

"Ya yi aiki, Samadu. Nana ta samu barci, Riskuwa ma ta bar kuka da ƙwannafi."

"Naki ne fa! Ke kaɗai aka rubuta wa!"

"Kai ɗan boko, ciwon ga namu na duka. In haɗiye suna kallona? Mi za a ce da ni?"

Na koma Birnin Kebbi a guje, na bi kemis ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce maganin ya yanke. Na dawo hannu rabbana, na tarar ta fara aman jini.

Ruwa ya cika fadama, mota ba ta shiga. Kalilu mai jirgi ya ƙetare da mu, kanta bisa cinyata, ina ta roƙonsa ya ƙara sauri alhali ina ganin jijiyoyin hannunsa sun tashi. A Argungu aka ce sai Birnin Kebbi. A Birnin Kebbi aka ce sai an ƙara mata jini da yawa. Aka ɗebi nawa, bai isa ba.

Da hantsi sai ga matan turara sun sauko daga a-kori-kura, Nana a gaba, kowace ta miƙa hannu.

"A ɗiba, malama," in ji Nana ga ma'aikaciyar jinya. "Maganinta munka sha, a mai da mata."

Ma'aikaciyar ta bi su tana jan fatar idonsu ƙasa. Fari fat. Ta ce su kansu jinin bai wadace su ba. Riskuwa ta durƙusa tana roƙo, ni ma na miƙa ɗayan hannuna. Ba a karɓa ba.

Kafin la'asar Allah ya karɓi ran Gwaggo.

Nana ce ta yi mata wanka. Da ta fito ta buɗe mini tafin hannunta: ƙwayoyi biyu, ta kwance su daga haɓar zanen Gwaggo. Ta ce na Asiya ne, wadda ta tafi Zauro jinyar uwarta ba ta samu rabonta ba.

Suna aljihuna har yanzu. Jiya na ji Asiya ta dawo, kuma har yau na kasa fita ƙofar gida in kai mata.