Ranar da Liman ya raka Baba asibiti

Jiya muna cikin taksi za mu unguwar Wadata a Yamai, sai Inna ta nuna ƙofar wani asibiti ta ce, "Nan Liman ya kawo babanku."

Ban taɓa jin labarin ba. Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja, ina goye. Dabbobinmu suka ƙare a Tawa, muka taho Yamai. Baba ya daina magana, barci ya gagare shi, wuni yake yana kallon bango. Dangi suka ce sammu ne, a ɓoye shi kada a ce ya taɓu.

Inna ta je wurin limamin unguwa neman rubutu. Ya ce, "Zan yi masa addu'a, amma gobe mu kai shi asibiti wurin lokotoro."

Ta ce, "Malam, ba rashin tawakkali ba ne?"

Ya ce, "Kun yi roƙon ruwa a Tawa, ya hana ku tasowa neman hatsi?"

Baba ya daɗe yana shan magani kafin ya warware. Daga baya ya koyi ɗinki, da shi ya rene mu. Ni dai Baba mai barkwanci na tashi na sani.

Ku fa, in naku ya yi irin wannan shirun, wa zai raka shi?