Zuwa Kutama Neman Mai Ɗaga Baba

Daga Kabo

Ana idar da sallar Asuba na leƙa ɗakin Baba na yi masa sallama. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni da Inna muke ɗaga shi daga gado zuwa kujera, safe da yamma. Baba mutum ne mai jiki. Inna ta soma ciwon baya, kuma a makon jiya Baba ya kusa suɓuce mana. Shi ya sa na bar shagon ɗinkina a rufe, na nufi Kutama in roƙi Baffa Sule, ƙanin Baba, ya ba mu ɗansa Habu ya zo ya zauna da mu.

Motar Gwarzo ta cika da wuri. A shinge ɗaya kawai aka tsayar da mu, aka leƙa but ɗin motar aka ce mu wuce. A tashar Gwarzo na sha kunu da ƙosai, na hau babur.

Kutama

Na tarar da Baffa a zaure yana gyaran fartanya. Muka gaisa, ya tambayi jikin Baba, ya tambayi Inna da yara, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ajiye fartanyar ya ce:

"Habu ai ya tafi ci-rani Kudu tun da aka gama girbi. Sai damina."

Aka kawo dambu, na ci don kada a ga damuwata. Da zan yi alwalar La'asar na je bakin rijiya, sai na ga matar Baffa, Iya Abu, wadda ta girmi Inna, tana jawo guga cike da ruwa ba ko nishi. Tsohon wilin keke aka rataye a kan itace, igiya tana bi ta cikin kwarinsa.

"Iya, ba nauyi?"

"Ina nauyi? Ƙasa nake ja, ba sama ba."

A zauren Baffa na kwana.

Gwarzo

Da hantsi na dawo Gwarzo. Ina ratsa layin 'yan hatsi zuwa tasha na tsaya kallon masu awo. Sun rataye sikeli a jikin ƙarfe, suna sa buhun masara a cikin majanyin tampol, buhun yana lilo, mutum ɗaya ya tura shi da hannu ya sauka a kan kura. Na ce a raina, wannan buhun ai bai fi Baba nauyi ba. Nan take rijiyar Iya Abu ta faɗo mini.

Na fasa shiga mota. Na tambayi mai walda aka nuna mini wani Malam Audu. Na tsuguna na zana masa abin a ƙasa da tsinke.

"Rijiya za ka haƙa a ɗaki?"

"Mahaifina zan ɗaga, Malam."

Ya daina dariya, ya tsuguna kusa da ni. Ya ce rufin ɗaki ba zai ɗauka ba, gara a yi masa ƙafafun ƙarfe. Ya ce kuma a sa ƙananan wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, nauyin zai ragu sosai. Kafin La'asar ya gama. Direban Kabo ya yi ta mita kafin ya yarda ya ɗaure ƙarafan a saman mota.

Gida

Washegari na ɗinka majanyin da tampol, na shimfiɗa masa atamfa mai laushi a ciki, na yanka shi yadda zanen goyo yake riƙe yaro. Ban yarda a fara da Baba ba. Ni na shiga, na ce Inna ta ja. Ta ja a tsorace, sai ga ni ina lilo a tsakiyar ɗaki, ƙafafuna a sama. Baba ya yi dariyar da rabonmu da jin irinta tun kafin ya kwanta.

Sannan muka sa shi. Ya tashi a hankali, na tura shi kan kujera, ya zauna daram. Inna ta saki igiyar, ta dubi tafin hannunta, ta zauna a bakin gado tana share ido da gefen mayafi.

"Gobe ka buɗe shagonka," in ji ta. "Ni kaɗai ma zan iya."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Iya Abu da Malam Audu kuwa, Allah ya saka musu da alheri.