Sikelin Kakana da Kawu Ya Sayar

Abin da zan rubuta daga tunanina ne da bakin Inna. Mun saɓa a kan shekarar, don haka ba zan ambace ta ba. Makon jiya, a jarrabawar neman aiki, tambayar sikeli da siffofi ta tuno mini kakana, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

A zaurensa na Dutsi yana da tsohon sikelin gyaɗa da cure-curen yumɓu masu siffa iri-iri da ya gasa da kansa, masu ƙaurin hayaƙi. A haɗuwarmu ta ƙarshe ya nuna mini mulmulallu uku sun yi daidai da dogaye biyu, sannan ya daidaita wasu dogayen da faffaɗa ɗaya, ya ce:

"Hannunki a baya, amarya! Mulmulallu nawa ne nauyin faffaɗan? In kin kasa, na sake ki."

Na ce sai hutun makaranta zan ba shi amsa. Kafin hutun ya rasu. Kawu ya sayar wa 'yan gwangwan sikelin, ya watsar da yumɓun a bola, wai tarkacen yara ne. Bai tambayi kowa ba!

Allah ya haskaka kabarinka, Kaka. Amsarka ta maƙale a awo na biyu, don na manta: dogaye biyu ka ɗora, ko huɗu?